Yadda za ka buga gem a kan Linux da ordinatir ɗin okaziyo ba tare da hoto na tsinkewa ba

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 ta ce sai mashin mai guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesa daga wajen zamani na 8 na Intel zuwa sama, rabin ordinatir ɗin da ke hannun samari nan Maradi an bar su a baya, irin su EliteBook 8470p da 840 G3 da ThinkPad T440 da Latitude ɗin da ake shigowa da su okaziyo. Shi ya sa a fada ko wajen masu gyara na babbar kasuwa tambayar guda ce kullum: in na sa Linux a madadin Windows, gem zai tashi? Da yawa za su tashi lafiya lau, wasu ba za su tashi ba ko mi ka yi, kuma saurin hoton ba daga sunan Linux ɗin da ka zaɓa yake ba. Mutane na ɓata sati suna gardamar Ubuntu ce ta fi ko Fedora ko Arch, alhali abin da ke yanke hukunci shi ne kartin hoton da ke cikin mashin ɗinka, da direbansa, da RAM, da zafi. To daga nan za mu fara.

Kafin ka goge komi, nemi kile mai jiga 8, ka sauke Linux Mint, kusan jiga 3 ne don haka ka jira forfen dare ko ka karɓa wurin wanda ya riga ya sauke, ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da yawa na da ita cikin kile. Ka zuba ta a kilen da furogaram ɗin Rufus ko Ventoy, ka kashe mashin, ka kunna kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ko Lenovo, ka tashi daga kilen. Ba ta taɓa dis ɗinka a wanga mataki, gwaji ne kawai. Na ce Mint don ba ta da wahala, an gina ta a kan Ubuntu, kuma Mint 22 ana kula da ita har 2029. In RAM ɗinka jiga 4 ne ɗauki mai Xfce, ta fi rashin nauyi.

Da ta buɗe, shiga tarminal, tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta:

inxi -G

Ka karanta abin da ya fito a hankali don duk sauran bayanin nan a kansa ya rataya. Zai gaya maka sunan kartin hoton, Intel ne ko AMD ko Nvidia, ko biyu ne a haɗe, da direban da ke tuƙa shi. In ka ga kalmar llvmpipe a wurin da sunan kartin ya kamata ya fito, to kartin bai aiki sam, furosesa ce ke zana hoton da kanta, kuma a haka ko gem ɗin yara sai ya riƙa rarrafe. Sai an gyara wannan kafin a yi maganar komi.

Yanzu bari in bayyana abin da ke faruwa a ciki, don in ka gane shi kai da kanka za ka riƙa gano matsala. Yawancin gem na PC an rubuta su ne don Windows, suna yi wa kartin hoto magana da DirectX. Linux ba ta jin DirectX, abin da take ji OpenGL ne da Vulkan, shi Vulkan ɗin ya fito a 2016. To sai an sa tafinta a tsakani, kamar Bahaushen da ya je ofis inda faransanci kawai ake ji. Tafintan na farko shi ne Wine, tun 1993 ake aikinsa, shi ke sa furogaram ɗin Windows ya tashi. Sai DXVK wanda Philip Rebohle ya fara, shi ke juya DirectX 9 da 10 da 11 zuwa Vulkan, sai VKD3D-Proton mai kula da DirectX 12. Kamfanin Valve mai Steam, shagon gem na intanet, ya kawo Steam a Linux a 2013, sannan a watan Agusta 2018 ya tattara waɗannan kaya wuri guda ya sa musu suna Proton, kuma da ya fito da Steam Deck a 2022, ƙaramin mashin ɗin gem na hannu da Linux ce a cikinsa, sai aikin ya ƙara gudu don yanzu kasuwarsu ce a kai. Abin da za ka riƙe a nan: duk saurin Proton na zamani a kan Vulkan yake tsaye. In kartinka na jin Vulkan da kyau ka huta, in bai ji, akwai hanya amma ta fi tsawo.

Bayan ka girka Mint ɗin a dis, ka sa waɗannan:

sudo apt install vulkan-tools mesa-utils mangohud gamemode lm-sensors

sannan ka rubuta vulkaninfo --summary ka duba lambar da ke gaban apiVersion. In 1.3 ce ko sama da haka, sabon Proton zai yi maka aiki. In ƙasa take, karanta sakin da ke tafe sau biyu.

Masu Intel, wato mu mafi yawa. Direban Intel da na AMD suna cikin wani tarin kaya da ake kira Mesa, a buɗe yake, yana zuwa tare da Linux ɗin, ba ka sauke komi daga wani shafi, kuma duk wanda ya ce ka je shafin Intel ka nemo direba kamar yadda aka saba a Windows ɓata maka forfe zai yi. Amma Intel ɗin kala-kala ne. Daga zamani na 6 zuwa sama, wato HD 520 na 840 G3 ko Latitude E7470, da HD 620 da UHD 620 na T480, Vulkan ɗinsu cikakke ne. Na zamani na 3 da na 4, HD 4000 na 8470p da HD 4400 na T440, Vulkan ɗinsu rabi-rabi ne, har gargaɗi yake rubuto maka a tarminal cewa bai cika ba. DXVK daga lamba 2.0 ya ce sai Vulkan 1.3, kuma Proton daga 8 zuwa sama shi yake ɗauke da shi, shi ya sa a irin waɗannan mashin za ka danna gem, ya yi kamar zai tashi, sai ya koma shiru ko ya bar ka da baƙin allo. Dabara biyu ce. Ta farko ka tilasta ma gem ɗin Proton 7, wanda ke da tsohon DXVK. In ta ƙi, ta biyu ka bi ta OpenGL gaba ɗaya, ka sa wanga layi cikin Options de lancement na gem ɗin a Steam:

PROTON_USE_WINED3D=1 %command%

Ya fi nauyi kaɗan amma tsofaffin gem na zamanin DirectX 9, na wajen 2005 zuwa 2012, yawanci suna tafiya da shi, kuma tsakani da Allah irin gem ɗin da HD 4000 ke iya ɗauka kenan ko a Windows. Linux ba ta ƙara wa karti ƙarfin da ba shi da shi, abin da take yi ta rage kayan da ke cin RAM a bayan fage.

Masu AMD kun fi kowa sa'a, direbanku na Vulkan sunansa RADV, yana cikin Mesa, Valve na zuba masa aiki sosai don Steam Deck ɗin ma AMD ne a cikinsa. In ka samu mashin mai Ryzen da Vega 8 a farashi mai kyau, ni dai ina ganin ya fi Intel na zamaninsa nesa wajen gem. Ba abin da za ka girka, ka dai riƙa sabunta sistem.

Nvidia ne mai ɗan rigima. Da ka girka Mint za ta tashi da direban buɗe mai suna nouveau, yana nuna hoto amma a kan kartuna da yawa bai iya ɗaga gudun kartin zuwa ƙarshe, sai ka ga mashin mai GTX yana yi kamar ba shi da komi. Ka buɗe Gestionnaire de pilotes, ka zaɓi na Nvidia wanda aka rubuta an ba da shawararsa, ka sake kunnawa. In bayan haka har yanzu bai kama ba, yawanci Secure Boot ne ya hana shi, ka shiga BIOS ka kashe. Ka tabbatar da nvidia-smi, in ya fito da tebur mai sunan kartin da zafinsa to ya zauna. Tsofaffin kartuna na jerin 600 da 700 yawancinsu direbansu ya tsaya a 470, Vulkan ɗinsu bai kai 1.3 ba, don haka su ma Proton 7 ne nasu. Sannan a laptop mai karti biyu, Intel da Nvidia, sau da yawa gem ɗin na tashi ne a kan Intel ɗin kai kana can kana zagin Linux. Mint na da ɗan gunki a ƙasa kusa da agogo inda za ka zaɓi wanda zai yi aiki, ka sa shi a Nvidia lokacin wasa ka mayar in ka gama don batiri. In Intel da AMD ne a haɗe, layin shi ne DRI_PRIME=1 %command%. Wani abu kuma da ya kamata mai Nvidia ya sani, gem ɗin DirectX 12 sukan ɗan fi gudu a Windows a kan kartinsa, don haka in gem ya ba ka zaɓi tsakanin 11 da 12, ɗauki 11.

Steam kuwa ka girka shi daga Gestionnaire de logiciels, ka zaɓi na sistem ba na Flatpak ba, don MangoHud da GameMode da ka sa ɗazu su gan shi ba wahala. Cikin Paramètres, wurin Compatibilité, ka tabbatar Steam Play na kunne ga duk gem. Kafin ka sauke ko wane gem, don Allah ka fara duba shi a ProtonDB, shafi ne inda masu wasa ke rubuta ko ya tashi da kuma abin da suka yi har ya tashi. Platinum da Gold ka sauke hankali kwance, Silver da Bronze sai da ɗan gyare-gyare, Borked kar ka taɓa. Ka nemi rahoton wanda kartinsa ya yi kama da naka, don Gold a wurin mai RTX ba Gold ba ne a wurin mai HD 520. Gem ɗin Epic da GOG kuma Heroic ke buɗe su, Lutris na tsofaffin da kake da su a CD ko dis.

To mun zo kan ainihin maganar, saurin hoto. Kar ka yi gyara da ido kawai, ka sa ma'auni, wato MangoHud. Cikin Options de lancement:

MANGOHUD_CONFIG=cpu_temp,gpu_temp,ram mangohud gamemoderun %command%

Za ka ga 'yan lambobi a kusurwar allo, FPS wato hoto nawa ake zanawa a daƙiƙa, da zafin furosesa, da RAM, da wani layi mai tafiya a ƙasa. Kowa FPS yake kallo amma wanga layi ya fi shi muhimmanci, shi ke nuna lokacin da kowane hoto ya ɗauka. A FPS 30 kowane hoto na cin wajen milisekan 33, a 60 wajen 16 da rabi. In layin a miƙe yake wasan zai yi santsi ko da 30 ne, in yana tsalle sama da ƙasa za ka ji tsinkewa ko da lambar na nuna 55. Shi ya sa a ƙaramin mashin na fi son a ɗaure shi a 30, ka ƙara fps_limit=30 cikin wancan layin bayan ram da waƙafi a tsakani, mashin ya huta, zafi ya ragu, hannunka ya saba da gudu guda. Shi GameMode aikinsa ya gaya wa furosesa ta daina tattalin wuta muddin gem na buɗe.

Abu na farko da za ka rage shi ne girman hoton. 1920 a 1080 ɗigo miliyan biyu ne da 'yan kai, 1280 a 720 bai kai miliyan ɗaya ba, wato ka rage wa kartin fiye da rabin aiki da dannawa guda, kuma a allon inci 14 wallahi bayan minti biyar ka manta. Bayan shi sai inuwa, ita ce mai cin ƙarfi a ɓoye, ka kai ta ƙasa, sai mai gyara bakin layuka wato MSAA ka kashe, sai hayaƙi da hasken ruwa da nisan da ake hangowa. Kyan fatar abubuwa, teksti, shi ba gudu yake ci ba sosai, memuwar yake ci, in kana da RAM ka bar shi a tsakiya. In gem ɗin na da FSR na AMD a cikin saitinsa ka kunna, yana zana hoton ƙarami ya buɗa shi, kuma yana aiki ko kartinka ba AMD ba ne. Ka riƙa canza abu guda kana kallon lamba, in ka canza biyar a tare ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Na biyu, kuma nan ne kuɗinka zai fi yin amfani: RAM sanda biyu. Kartin Intel da Vega na laptop ba su da memuwar ta kansu, daga RAM ɗin mashin suke ɗiba, kuma in sanda guda ce a ciki hanya guda suke bi, in biyu ne hanyar ta zama biyu. Yawancin okaziyo da sanda guda suke zuwa, ramin na biyu fanko. Ka duba da sudo inxi -m. Jiga 4 sau biyu ya fi jiga 8 sanda guda wajen gem a irin waɗannan mashin, kuma bambancin ba sai da ma'auni za ka gan shi ba. Amma ka kula wurin saye, ka tafi da mashin ɗin shagon a gwada gabanka, don na zamani na 4 irin T440 DDR3L suke ci mai bolt 1.35, ba DDR3 zalla mai 1.5 ba, bakinsu iri ɗaya ne zai shiga ramin amma mashin na iya ƙin tashi, su kuma 840 G3 DDR4 ne. SSD fa? Ka sa in da hali, gem zai buɗe da sauri, sistem zai yi sauƙi, amma FPS ba ya ƙaruwa da shi, kar mai shago ya ce maka haka.

Na uku shi ne wanda bayanan Turawa ba su cika damuwa da shi ba don ba su zaune inda muke: zafi da ƙura. A Afrilu da Mayu garin nan na haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka, furosesar Intel kuma in ta doshi 100 da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. Alamar a fili take, gem ya fara lafiya, bayan minti goma ko sha biyar ya fara ja, ka kalli kusurwa ka ga 95, 97. Wannan ba Proton ba ne ba direba ba ne, kar ka sake girka komi. Ka kwance murfin ƙasa, ka dubi tsakanin fanka da 'yan siraran ƙarafan da iska ke fita ta cikinsu, za ka tarar da ƙurar hunturu ta haɗu da zaren bargo ta zama wani ɗan tabarma mai launin toka da ya toshe hanyar gaba ɗaya, ana ɗago shi da tsinke ya fito a dunƙule. Ka riƙe fankar da yatsa in za ka hura mata iska kar ta yi ta juyawa a banza. Sannan man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, pat tarmik, a mashin mai shekara takwas ya bushe ya zama kamar alli, a goge shi da alkol a sa sabo ɗan ɗigo. In ba ka saba ba ka ba mai gyara, aikin rabin awa ne. Kar ka ɗora mashin a katifa ko darduma, ka sa shi a tebur ka ɗaga bayansa da wani abu iska ta shiga, in da fanka a ɗakin ka juyo ta wajensa. Kuma wasan dare ya fi na azahar, wannan ko ba a faɗa ba.

Sai wuta. A batiri kowane laptop rage gudu yake yi, don haka gwajin FPS a jone ake yinsa. Sharjer ma na da magana, musamman Dell, akwai ɗan siririn tsinke a tsakiyar bakin sharjer ɗinsu da mashin ke gane ƙarfinsa da shi, in na jabu ne ko tsinken ya karye sai mashin ya ƙi gane shi ya danne furosesa ƙasa, kai kuma ka yi ta neman laifi cikin Linux. Shiga BIOS ka ga ko ya rubuta wat ɗin sharjer ɗin, 65 ko 90. In kuran ya ɗauke kana tsakiyar sabunta sistem a mashin marar batiri, kar ka firgita, da ya dawo ka rubuta sudo dpkg --configure -a ya ƙarasa abin da ya yanke. Kuma kafin ka taɓa direban Nvidia ko karnel, wato zuciyar Linux, ka ɗauki hoton sistem da Timeshift, yana cikin Mint, in abu ya lalace ka koma jiya.

Akwai wata tsinkewa da ke zuwa a farkon wasa kawai, ka shiga sabon wuri ko wani abu ya fashe karon farko sai hoton ya ɗan tsaya. Shada ce ake dafawa, wato ƙananan umarnin da kartin ke buƙata a juya su zuwa yarensa, in an yi sau ɗaya ana ajiyewa, zagaye na biyu ba za ka ji ba. Steam na da tsarin sauko da su tun kafin ka fara, yana da kyau ga mai wifi marar iyaka amma ga mai forfe bala'i ne, kusan kullum ka buɗe sai ya ja wasu mega. Ka shiga Téléchargements cikin Paramètres ka kashe shi, ka haƙura da 'yar tsinkewar farko. Ka kuma sa kowane gem kar ya sabunta kansa sai ka buɗe shi, sannan in ba da mutane kake bugawa ta intanet ba ka sa Steam a yanayin rashin koneksiyon. Ka sani kuma gem na farko da za ka buɗe sai ya sauko da Proton ɗin kansa da kayan aikinsa, su ma suna da nauyi, ka yi lissafinsu.

Gem mai jiga 30 ko 50 ba wanda zai sauke shi da forfe sau biyu. In abokinka na da shi kuma kai ma kana da shi a kont ɗinka, ku kwafa. Cikin steamapps akwai common inda gem ɗin yake, a waje kuma akwai ƙaramin fayil appmanifest mai lambar gem ɗin, ku ɗauki duka biyun ku zuba a wuri iri ɗaya a naka Steam na rufe, in ka buɗe zai duba ya cike ɗan abin da ya rage. Amma kar ka bar gem ɗin a kan dis mai NTFS na Windows ka ce daga can za ka riƙa bugawa, Proton na yawan rikicewa a kansa, ka danna ya ƙi tashi ba tare da ya ce komi ba. Ka mayar da shi ɓangaren dis na Linux, mai ext4. Su kuma gem ɗin da ake zubawa a kasuwa waɗanda aka fasa, ban ce komi ba sai abu guda, Wine na iya tada ƙwayar cutar Windows kamar yadda yake tada gem, kuma tana iya kaiwa ga fayilolinka, kar ka ɗauka don kana Linux ka fi ƙarfinta.

Kilabiye. Mashin ɗin da suka fito Faransa ko Beljik AZERTY ne, na wajen Kano da Katsina QWERTY, gem kuma yawanci da W A S D aka tsara tafiya. Wasu na gane wurin maɓallin su daidaita da kansu zuwa Z Q S D, wasu ba su ganewa sai ka ga kana danna gaba mutuminka na tsaye. Ko ka canza cikin saitin gem, ko kafin ka buɗe ka rubuta setxkbmap us, in ka gama setxkbmap fr. Manet kuwa ba matsala, na PS4 da PS5 da na Xbox mai waya direbansu na cikin karnel, ka jona kawai.

In mashin ɗinka ya tsufa ƙwarai, ni shawarata ka bar wahalar Proton ka koma emilato, furogaram mai tada gem ɗin konsol a ordinatir, nan Linux ke haskawa. PPSSPP na gem ɗin PSP na tafiya a kusan komi, allon PSP 480 a 272 ne don haka ko ka ninka shi biyu HD 4000 na ɗauka, in ya yi nauyi ka canza tsakanin OpenGL da Vulkan ka ga wanda ya fi. PCSX2 na PS2 ya fi son furosesa mai ƙarfi kuma yana buƙatar BIOS da ake cirowa daga PS2 ɗinka, ka bar shi a girman hotonsa na asali. Dolphin na GameCube da Wii ne. Akwai kuma na kyauta da ke tafiya a Linux kai tsaye, SuperTuxKart na tseren mota da mutum huɗu za su iya bugawa a allo guda, 0 A.D. na yaƙi da gina gari, Xonotic na harbi, suna cikin Gestionnaire de logiciels. Dota 2 da Counter-Strike 2 kyauta ne kuma na Linux ne kai tsaye, sai dai shi Counter-Strike 2 ya fi ƙarfin ƙananan Intel ɗin nan.

Waɗanda ba za su tashi ba kuwa, ba laifin kartinka ba ne. Gem ɗin intanet masu tsarin kama maguɗi da ke shiga can cikin ƙashin Windows ne: Valorant, League of Legends tun 2024, Fortnite, PUBG na PC, sababbin Call of Duty, da sababbin EA FC da 'yan ƙwallo ke so. Apex Legends da yana yi, kamfanin ya rufe ƙofar a ƙarshen 2024. GTA V labarinsa na tafiya amma na intanet ɗin ya daina tun da aka sa masa tsarin kama maguɗi na BattlEye a Satumba 2024. Duk bidiyon da ya ce maka ga dabarar da za ta buɗe su, forfenka yake so, kuma kana iya jawo a rufe maka kont. In ɗayan waɗannan ne rayuwarka, ko kana da ɗakin gem da yara ke biyan kuɗi don FC, to ka bar Windows a gefe guda na dis, Mint na tambayarka wurin girkawa ko ta zauna kusa da ita, ka riƙa zaɓa in ka kunna. Ka fara kashe Démarrage rapide a Windows ɗin don kar ta kulle dis. Za ka kuma lura duk ka dawo Windows daga Linux agogo ya koma baya da awa guda, don Linux na ajiye agogon mashin a lokacin UTC mu kuma Nijar muna gaba da shi da awa ɗaya. Ka buɗe tarminal a Mint ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, sannan ka gyara agogon Windows ɗin sau ɗaya.